Takwas, Gicciye, Arba'in

Tun da na dawo daga Marwa bakina bai huta ba. A coci a tambaye ni, a wurin niƙa a tambaye ni, har matar da ke sayar mini da daddawa a Kasuwar Kwastam sai da ta riƙe ƙullina ta ce ba za ta sakar mini ba sai na faɗa mata abin da ya kai tsohuwa kamata Kamaru. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na ce wa Malama Rahila ta zo da biro da takarda, tunda ta yi ritaya daga koyarwa, ba ta da aiki sai gyara wa mutane magana. Ni ban yi makaranta ba. Zan faɗa, ta rubuta, mai son ji ya je ta karanta masa. Rahila, yadda na faɗa za ki rubuta, har wurin da ya shafe ki.

Dole in fara da Baban Ayuba, don ba don shi ba ko Bama ba zan je ba. Mijina ne, shekara arba'in da ɗaya muna tare, ya rasu a farkon daminar bara. Har yau in na tuƙa tuwo sai na ga na kwashe na mutum biyu.

Aikinsa bin masu korar jan-baki ne, tsuntsayen nan da ke sauka kamar hayaƙi su cinye dawar mutane a bakin tafki. Shi ke nuna hanya, shi ke ɗaukar kaya. A cikin kayan akwai madubin hangen nesa na Turawan da ke zuwa ƙirga tsuntsaye, irin mai ido biyu da ake ratayawa a wuya. Shekara da shekaru yana yawo da na wani a wuyansa. In Bature ya gaji ya zauna shan shayi, sai ya miƙa masa ya ce ya duba. Daga nan ciwon kallon tsuntsu ya kama shi. An ɗauke shi aikin korar tsuntsu, ya dawo mini gida da son tsuntsu. Mutum ya yi sati uku a daji, ya dawo, maimakon ya tambayi lafiyar yara sai ya zauna yana ba ni labarin yadda zalɓe ke tsayawa da ƙafa ɗaya.

Akwai gardamar da muka yi ta fi shekara talatin. Ni a ƙauyenmu can wajen Biu na tashi ina hangen gauraka a fadama, na san kuncinsa fari ne fat. Shi ya ce a'a, rabin sama ne fari, rabin ƙasa ja ne kamar an shafa masa ruwan goro. Na ce a madubin Bature ne jan yake. Ya ce, "Saratu, ranar da na sayi nawa zan nuna miki da idonki." Na san akwai gauraka a gidan namun dajin garin nan, amma shi ya ce na cikin keji ba ya shiga lissafi, ni kuma ban je ba, don kada in je in tarar ya fi ni gaskiya.

Sau biyu yana tara kuɗin sayen nasa. Na farko na ce ɗaki na yoyo, aka sayi kwano. Na biyu Ayuba ya samu makaranta a Zariya. Ko sau ɗaya bai yi mini musu ba, kuma ɗakin yana yoyo da gaske. Amma a asibiti, kwana biyu kafin ya tafi, ya hangi wani tsuntsu a kan waya ta taga, ya ce, "Saratu, wancan mene ne?" Mutumin da ke gane tsuntsu da kukansa tun kafin ya gan shi. Na ce, "Hasbiya ce, sha maganinka." Ban ma ɗaga kai na duba ba.

Rahila, dakata kaɗan.

To. Bayan an yi jana'iza ina naɗe kayansa, sai na tsinci 'yar takarda a cikin naɗin hularsa, da rubutun hannunsa, don shi ya koyi karatu a ajin manya. Na kai wa wannan Rahilar, ta ce lambobi ne: takwas, sai ɗan gicciye a karkace, sai arba'in. Na kai wa fasto, ya ce ai a fili yake, sura takwas aya arba'in, gicciyen kuma alamar mai bi ce, sai dai marigayi bai faɗi wane littafi ba. Bawan Allah ya yi sati biyu yana bincike, ya kawo mini ayoyi har guda nawa, ɗaya ma jerin sunayen mutane ce kawai. Rahila ta ce fasto bai iya lissafi ba, wannan gicciyen na "sau" ne, takwas sau arba'in ɗari uku da ashirin, lambar waƙa ce. Ranar addu'ar cika shekara muka buɗe ɗari uku da ashirin, zumuntar mata ta miƙe tsaye, aka ɗauka da ƙarfi. Sai da muka kai baiti na biyu muka gane waƙar ɗaurin aure ce. Rubuta, Rahila, kada ki tsallake. Kafintan unguwarmu kuma ya ce awon katako ne. Daga nan na daina tambayar kowa. Na ƙulle takardar a bakin zanena tare da kuɗi, na ce ko mene ne, maganarsa ce ta ƙarshe.

Da damina ta zagayo na ga shamuwa ta dawo kan tsamiyar bayan gidanmu, ba wanda zai fito da sassafe ya yi mata sannu da zuwa, sai na sayar da kekensa. Na ce madubin nan sai na saye shi, kuma sai na ga kuncin gauraka da idona. Ayuba ya aiko daga Legas wai me tsohuwa za ta yi da shi. Na ce a gaya masa makarantarsa ce ta ci kuɗin na biyu.

A nan garinmu Yerwa na fara nema, kuma nan ne raina ya fara ɓaci. Na ce madubi, aka miƙo mini na duba fuska. Na ce na hangen nesa, aka miƙo mini tabarau. Wani a Kasuwar Kwastam ya ce ya gane, ya shiga ya fito da ɗan abin roba irin wanda alhazai ke kawowa tsaraba, ka leƙa ka ga hotunan Makka. Na ce, "Ɗana, wannan ya hango nesa da yawa, ni fadamar Bama ma ta ishe ni." Wani kuma ya nuna mini na wasan yara, ja da rawaya, na duba ban ga komai ba sai gashin idona.

Maƙwabciyata Ya Falmata ce ta cece ni. Babarbariya ce, shekara ashirin katanga ɗaya ke tsakaninmu, tana zuwa Marwa saro atamfa da turare. Ta ce akwai wani mai gyaran agogo a can da ke sayen kayan Nasara masu zuwa kallon namun daji, ta sha ganin irin abin a shagonsa. Ta kai ni aka yi mini allurar rigakafi ta masu ƙetare boda aka ba ni kati, hannuna ya kumbura kwana uku, sannan muka sa rana a ƙarshen damina.

Daga tasha zuwa Bama babu abin faɗa sai zafi. Daga Bama zuwa Banki kuwa a-kori-kura muka hau, aka ɗora ni a kan buhun bandar kifi. Har yanzu zanen da na sa ranar in na ɗauko shi kyanwa sai ta biyo ni. Falmata ba ta iya riƙe magana ba, kafin mu fita gari duk motar ta san abin da ke tafe da ni.

Wani dattijo mai rawani ya ce, "Mama, in kin hango tsuntsun, da me za ki harbe shi?"

Na ce, "Ba harbi zan yi ba, kallo."

"To in kin kalla fa?"

"Sai in dawo gida."

Wata mata mai goyo ta ce Allah ya ba ni lafiya. Wani maharbi da ke zaune a kan taya ya ce in ba shi rabin kuɗin ya kamo mini gauraka da rai, in duba kuncinsa har in gaji. Na ce na kamu ba ya shiga lissafi. Sai da maganar ta fita na ji ashe da bakin Baban Ayuba na yi ta. Na juya fuska wajen daji, na bar su suna dariya.

Banki gari ɗaya ne aka raba biyu, nan Nijeriya, can Kamaru, akuya na ƙetarewa ba mai tambayarta. Mu kuwa aka tsayar da mu a rana. Wani jandarma dogo ya yi mini magana da Faransanci, na ce masa lafiya lau. Falmata ta ce takarda yake nema. Ni da na ruɗe na kwance bakin zane na miƙa masa ta Baban Ayuba. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya kira ɗan'uwansa mai jin Hausa. Wannan ya ce, "Mama, lambar mota ce?" Na ce, "Kai ma ka shiga layi." Falmata ta fizgo katin allurar daga jakata ta ba su, tana faɗa da Barbarci, na san ba yabona take yi ba. Kuɗin ma ita ta canza ta ƙirga, ta ba ni na ƙulle. Takardunsu manya ne kamar hankici, ka riƙe guda ka ɗauka ka yi arziki, ka sayi burodi ka ga ba haka ba ne.

Bayan Mora akwai duwatsu kamar na Gwoza, ban kalle su sosai ba don ƙugu na ciwo. Da la'asar muka shiga Marwa. Garin itatuwan dogon yaro ne kamar namu, da kogi a tsakiya wanda yashi ya fi ruwa yawa. Amma mutanen can ba su san tafiya a hankali ba. Babur ne abin hawa, mace da namiji, tsoho da yaro. Falmata ta tattare lafayarta ta haye kamar budurwa. Ni na zauna a kaikaice na riƙe rigar mai babur ina kiran sunan Ubangiji, ɗankwalina ya tashi ya bar ni, na shiga gidan mutane da furfura a waje kamar wadda aka koro.

Gidan 'yar'uwar Falmata muka sauka, Dada Asta, mace mai kirki, sai dai ba ta jin Hausa sai Fillanci. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, jam. Duk abin da aka tambaye ka ka ce jam. Na ce jam har sau goma, ashe a ciki akwai inda ta tambaye ni maigida. Falmata ta gaya mata, matar ta kama hannuna ta riƙe. Wannan ya fi mini duk ta'aziyyar da aka yi mini da dogon jawabi. Ta kawo tuwon jar dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, irin wadda uwata ke yi a ƙauye. Abin da na ci a ƙasar can da daɗi ke nan. Da safe kuwa aka kawo burodi dogo kamar muciya, bayansa ƙarfe. Haƙorana shida suka rage, na ce ba zan bar ko ɗaya a Kamaru ba, na jiƙa shi a shayi har ya yi laushi. Yaran gidan suka taru suna kallona kamar ni ce tsuntsun.

Na so mu tafi shagon da sassafe. Falmata ta ce atamfa tukuna, kafin a zaɓe masu kyau. Turmi nawa ta buɗe, turmi nawa ta ce a mayar, Allah kaɗai ya sani. Da muka isa shagon mai agogo rana ta take tsaka, muka tarar yana sa kwaɗo. Ashe al'adarsu ce, rana na yin tsaka kowa ya rufe ya tafi gida ya kwanta, sai wajen la'asar. Gari guda, ranar kasuwa! A Yerwa in ka rufe shago da rana sai a zo gida a tambayi wa ya rasu. Muka zauna a gindin dogon yaro awa uku, ba na yi wa Falmata magana, ita kuma tana cin goro kamar ba ita ta jawo ba.

Mai shagon Alhaji Bakari ne, Bafulatani siriri mai jin Hausa. Ya ce da ƙuruciyarsa shi ma rakiyar Nasara yake yi a gandun daji. Da na gaya masa aikin Baban Ayuba sai ya ajiye agogon da ke hannunsa, ya sauko da madubi biyar ya jera a kan tebur, ya ce in fito bakin ƙofa in gwada.

Na farko ɗan ƙarami ne, ya shiga aljihu. Na duba na ga duhu kamar ina leƙa rijiya. Alhaji ya ce bakinsa ƙanƙane ne, haske ba ya shiga sosai, tsuntsu kuma da sassafe da yamma yake fitowa. Na biyu na juya shi wajen Falmata sai na gan ta biyu. Na ce, "Alhaji, karɓi, ɗaya ma ta ishe ni." Ya ce wannan ya taɓa faɗuwa, idanunsa sun saɓa, ko kyauta aka ba ni kada in karɓa, ciwon kai ne. Na uku kamar an hura masa hayaƙi a ciki. Na huɗu tsoho ne, fentinsa ya goge a inda ake riƙewa, igiyarsa ma an ɗaura ta da zare. Alhaji ya lanƙwasa shi daidai tazarar idanuna, ya ɗora yatsana a kan ɗan abin murzawa na tsakiya, ya ce in murza a hankali. Sai ga wata kurciya a kan katanga can ƙetaren titi, tana ƙifta ido kamar a tafin hannuna.

Amma na biyar na nan, ƙato, baƙi wul, yana sheƙi, da akwatinsa na fata. Falmata ta ɗaga shi da hannu biyu ta ce, "Maman Ayuba, wannan ne kaya. Ji nauyi. Wancan ai ya sha wuya, ko kyauta ba na so." Na karɓa na ɗaga. Ya fi kawo abu kusa, gaskiya ne, amma hasumiyar masallacin da na duba sai rawa take yi, na nemi kurciyar sama da ƙasa ban same ta ba, kafin in ƙirga goma hannuna ya mutu.

Alhaji ya ce, "Mama, wannan na ɗorawa a kan ƙafa ne, irin na masu ɗaukar hoto. Yadda yake ƙara girman abu, haka yake ƙara rawar hannu. Kuma filin da yake nunawa kaɗan ne, kafin ki nemo tsuntsu ya tashi."

Na ce, "Shi zan saya."

"Kin fa ga kurciya a wancan."

"Na gani. Sau biyu ina hana mutumin nan, yau ba zan saya masa tsohon da aka ɗaure da zare ba."

Ya dube ni ya ce, "Wa zai riƙe, ke ko shi?"

Maganar nan ta ƙona ni. Na ce masa ni ban ƙetare boda a kan buhun banda don a yi mini wa'azi ba, ina da fasto a gida. Falmata ta shiga ciniki, suka yi ta ja da Fillanci da Barbarci har suka daidaita. Na kwance bakin zanena a fusace, sai takardar nan ta faɗi ƙasa. Alhaji ya sunkuya ya ɗauka zai miƙo mini, sai ya tsaya.

Ya ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Maigidana. In kai ma kana da fassara ka riƙe abarka, na ji ta fasto, na ji ta malama, na ji ta kafinta."

Ya ɗauko tsohon nan mai goggen fenti, ya juyo shi, ya share gefen idon da babban yatsa, ya ajiye takardar kusa da shi. Ni ban iya karatu ba, amma shekara da watanni ina kallon zanen nan safe da yamma, na san shi kamar fuskar ɗana. Ga mai ƙugu kamar ƙwarya biyu an kifa, ga ɗan gicciyen a karkace, ga mai kama da kujera, ga ƙwai. Su ne a jikin ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji ya ce, "Takwas ɗin, sau takwas yake matso da abu. Arba'in ɗin faɗin bakinsa ne, inda haske ke shiga. Bai yi nauyi ba, bai yi duhu ba, hannu na iya riƙe shi. Mu da muka yi aikin nan duk shi muke so. Mijinki ya gama zaɓe tuntuni, Mama, ke ce kika sa na sauko da shago."

Na zauna a kan bencinsa na yi kuka a gaban mutanen da ban sani ba, da ƙarfi, ban rufe fuska ba. A cikin kukan kuma haushi nake ji. Mutum ka iya rubutu, me zai hana ka ƙara kalma ɗaya ka ce madubi? Ka bar mu muna rera waƙar aure a kan addu'arka! Falmata da ta gama cin nasarar cinikin ƙato ta ce ita tun farko hankalinta ya fi kwanciya da tsohon nan. Alhaji ya canza mini igiya sabuwa, ya koya mini abu ɗaya: in fara kafa wa tsuntsu ido, sannan in ɗago madubin zuwa idona ba tare da na kawar da kai ba.

A dawowa a boda wani mai kaki ya gan shi a wuyana, ya ce wannan ai kayan soja ne. Na ce ya dube ni da kyau ya faɗi rundunar da nake. Ya karɓa ya duba, ya kira wani, wani ya kira wani, har mai sayar da shayi sai da ya leƙa. Suna hango matan da ke ɗibar ruwa can gefen gari suna ta shewa, ni ina tsaye a rana raina a wuya kada su yar. Da ƙyar Falmata ta karɓo mini.

Tsakanin Banki da Bama, inda baƙar ƙasar nan ta firki take, an yi ruwan ƙarshe kwana biyu kafin nan. Motarmu ta kafe har ciki. Direba ya ce kowa ya sauka, maza su tura. Na samu tudu na zauna ina cire laka daga takalmi ina tsine wa tafiyar gaba ɗaya. Mutane can nesa suna dashen masakwa, dawar rani. Sai na ji kuka kamar ana busa ƙaho, irin wanda rabona da ji tun ina yarinya.

Falmata ta ce, "Ga mutanenki can."

Guda biyu ne a bakin ruwa, nesa, baƙaƙe, da tukkunsu. Na ɗaga madubin da sauri na ga sama. Na sauke na ga ciyawa, na ga ƙafar wani mai dashe cike da laka. Na ce shi ke nan za su tashi, na zo har nan a banza. Sai na tuna maganar Alhaji. Na sauke shi, na kafa wa na dama ido, na ɗago a hankali, na murza.

Tukkun kamar tsintsiyar zinariya. Goshin baƙi kamar karammiski. Idon fari. Kuncin kuwa, sama fari, ƙasa ja. Ja kamar an shafa masa ruwan goro, yadda ya faɗa, ko kalma ɗaya bai ƙara ba.

Na ce, "Kai, mutumin nan! Ko a kabari sai ya ci gardama."

Hawaye suka rufe gilashin, na goge da bakin zane, suka sake rufewa. Falmata ta ce in ba ta ta gani. Ta duba, ta miƙo mini ta ce, "Ja ne mana. Gidan kakana akwai guda biyu suna yawo a tsakar gida, kowa ya san ja ne."

Na ce, "Ya Falmata, shekara ashirin kina jin muna wannan gardama ta kan katanga!"

Ta ce, "Kin taɓa tambayata?"

Ban ƙara yi mata magana ba har Konduga.

Wannan ita ce tafiyar da kuke ta tambaya. Kamaru ƙasa ce, akwai mutanen kirki, burodinsu ba na tsofaffi ba ne. Mai son madubi ya duba lambar da ke jikinsa, kada ya bi nauyi, kuma kada ya tafi da Falmata.

Washegarin da na dawo na tafi maƙabarta da safe da abin a wuyana. Na tsaya a kansa na ce, "Baban Ayuba, ja ne. Ka ji ko? Ba zan maimaita ba." Na cire 'yar ciyawar da ta fito. Ina shirin tafiya sai wani ɗan tsuntsu ya sauka a kan wayar da ta bi ta gefen katanga. Wannan karon na duba. Na kafa masa ido, na ɗago, na murza. Ƙirjinsa rawaya, bayansa kore, da baƙin layi a idonsa kamar ya sa kwalli, yana tashi ya cafke ƙwaro ya dawo daidai inda ya bari. Na daɗe ina kallonsa. Ban san sanda bakina ya ce, "Wancan mene ne?" ba.

Na tsaya ina jira, Rahila. Har tsuntsun ya tashi ina jira.